Gaskiya ko Jita-jita: Rundunar Torpedo 8 da Abin da Ya Faru a Midway

A safiyar 4 ga watan Yunin 1942 jiragen sama 15 suka tashi daga doron Hornet, wani katafaren jirgin ruwan Amurka mai dakon jiragen yaƙi, suka nufi inda ake zaton rundunar ruwan Japan take a tsakiyar Tekun Fasifik. Kowane jirgi na ɗauke da mutum biyu da tofido guda, makamin nan da ake sakewa cikin ruwa ya yi ta gudu a ƙarƙashinsa har ya je ya fasa cikin jirgin abokan gaba. Ko ɗaya daga cikin jiragen bai dawo ba. Sunan rundunar Torpedo 8, a takardun soja kuma VT-8.

Lokacin wata shida ke nan da harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disambar 1941. A ɗan tsakanin nan ta mamaye Malaya da Singafo da Filifin da Bama, ƙasar da daga baya Ingila ta kai sojojin Afirka ta Yamma, har da Hausawa da yawa, su yaƙe ta. Sai ta juyo kan Midway, wasu 'yan tsibirai biyu da ke kimanin kilomita 2,100 arewa maso yamma da Honolulu. Admiral Chuichi Nagumo ya zo da jiragen dako huɗu, Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu. Abin da bai sani ba shi ne Amurkawa sun riga sun warware wani ɓangare na saƙonnin sirrin Japan, sun kuma yi masa kwanton ɓauna da nasu jiragen dakon uku, Enterprise da Hornet da Yorktown. Kafin rana ta faɗi duka huɗun na Nagumo suna ci da wuta. Japan ta rasa mutum 3,057, Amurka ta rasa 307 da jirgin Yorktown.

Daga ranar labarin Torpedo 8 ya shiga bakin duniya, ta mujallu da littattafai da finafinai, kuma kowane mai ba da shi sai ya ƙara masa gishiri. Jarumtar mutanen nan ba abin musu ba ce. Amma yadda aka saba ba da labarin yana da wani amfani ga wasu: ya mayar da mutuwarsu ciniki mai riba, ya kuma kawar da idon jama'a daga waɗanda suka tura su da makami mara kyau, ba rakiya, bisa hanyar da ba ita ba. Ga maganganun da aka fi yi, da abin da takardun ɓangarorin biyu suka nuna.

"Mutum ɗaya kacal ya tsira daga rundunar"

Rabin gaskiya ce. Cikin mutum 30 da suka tashi daga Hornet, ƙaramin hafsa George Gay ne kaɗai ya rayu. Jirgin ceto ya tsamo shi daga ruwa washegari, bayan ya shafe kusan awa 30 a teku da raunuka. Mujallar Life ta sa hotonsa a bangonta a ƙarshen Agustan 1942, shi ma daga baya ya sa wa littafinsa suna Sole Survivor.

Sai dai Torpedo 8 ba duka take kan Hornet ba a ranar. Tun kafin jirgin ya bar gabashin Amurka an bar wani sashe na rundunar a baya don ya karɓi sababbin jirage samfurin Avenger daga kamfanin Grumman. Wannan sashe ya iso Pearl Harbor kwana ɗaya bayan Hornet ya fita zuwa Midway. Aka zaɓi jirage shida, kowanne da mutum uku, ƙarƙashin Laftanar Langdon Fieberling, suka tashi zuwa tsibirin ranar 1 ga Yuni. Su ne ma suka fara kai wa jiragen Nagumo hari a safiyar yaƙin, jim kaɗan bayan ƙarfe bakwai, tare da wasu jirage huɗu na sojan ƙasa samfurin B-26. An harbo biyar daga cikin shidan.

Na shidan, wanda Albert Earnest ke tuƙawa, ya koma Midway da ramukan harsashi fiye da 70 a jikinsa. An kashe mai bindigarsa, Jay Manning. An katse wayoyin da ke ɗaga jirgin sama da ƙasa, na'urar nuna alƙibla ta mutu, ƙofar rumbun tofido tana reto a buɗe. Earnest ya gano cewa ɗan ƙaramin abin daidaita jela zai iya riƙe jirgin a sama, ya bi rana da hayaƙin da ke tashi daga tsibirin, ya sauka da taya ɗaya. Mai rediyonsa, Harry Ferrier, yaro ɗan shekara 17 da ya ƙara wa kansa shekaru don ya shiga soja, ya suma saboda rauni a ka amma ya rayu.

Lissafin gaskiya ke nan: mutum 48 na Torpedo 8 suka kai hari a ranar, 45 suka mutu, uku suka tsira. Wato cikin kowane Ba'amurke bakwai da ya mutu a Midway, kusan ɗaya na wannan runduna ne.

"Su suka janyo jiragen Zero ƙasa, masu sura suka sami hanya"

Wannan ita ce maganar da aka fi so, kuma a nan gizo ke saƙar. Amurkawa na da jiragen hari iri biyu. Masu tofido dole su sauko dab da ruwa, su tafi a hankali kuma a miƙe kafin su saki makaminsu. Masu sura kuwa, samfurin Dauntless, daga can ƙololuwa suke kifowa kamar shaho ya hango ɗan tsako, su saki bam su tashi. Labarin da aka saba ji shi ne Torpedo 8 ta ja dukkan jiragen kariya na Japan, samfurin Zero, zuwa bakin ruwa, sama ta zama wayam, masu sura suka faɗo ba mai tare su.

Agogo bai yarda da wannan ba. Torpedo 8 ta iso kan jiragen Japan da misalin ƙarfe 9:20, kafin 9:40 kuma an gama da ita. Bam na farko na masu sura bai faɗi ba sai wajen 10:20. Tazarar kusan minti 40 ke nan ko fiye. Jirgin Zero kuwa yana iya hawa mita 6,000 cikin minti bakwai zuwa takwas. Da Torpedo 8 ce kaɗai matsalar, da tuni Zero sun koma sama sun jira.

Abin da ya faru shi ne hare-haren tofido uku aka kai a jere. Bayan Torpedo 8 sai Torpedo 6 ta Enterprise, ƙarƙashin Eugene Lindsey, ta zo da jirage 14 ta nufi Kaga, aka harbo 10. Sai Torpedo 3 ta Yorktown, ƙarƙashin Lance Massey, ta zo da 12 bayan ƙarfe goma ta nufi Hiryu, ita ma aka harbo 10. Wannan ta ukun ce take cikin fafatawa a daidai lokacin da masu sura suka iso, kuma ita kaɗai ta zo da rakiya, jiragen Wildcat shida ƙarƙashin Jimmy Thach, waɗanda suka riƙe Zero da yawa a wuri ɗaya. In akwai waɗanda suka ɗauke hankalin Zero a lokacin da ya fi muhimmanci, to su ne. Masana tarihi Jonathan Parshall da Anthony Tully sun baje wannan lissafin a littafinsu Shattered Sword na 2005, bisa rajistar tashi da saukar jirage ta jiragen dakon Japan.

Shin banza ke nan Torpedo 8 ta mutu? A'a, sai dai tasirinta ta wata hanya ya bi. Jirgin dako ba ya iya shirya hari yana cikin kauce wa tofido. Shirin yana buƙatar a fito da jirage daga rumbun da ke cikinsa, a jera su a doro, a ɗumama injuna, a juya goshin jirgin ya fuskanci iska, aikin da ke cin kusan minti 45 ba tare da an katse shi ba. Nagumo ya gama karɓar jiragensa da suka dawo daga harin da suka kai Midway ke nan, yana shirin ya juya kan Amurkawa, sai ga Torpedo 8. Jiragen dakonsa suka juya baya suna gudu, kowanne yana karkacewa. Zero kuma harsashin manyan bindigoginsu 60 ne kacal a kowace bindiga, ba ya daɗewa, don haka sai sauka suke a ƙara musu, wasu su tashi, doron bai taɓa zama fili ba. Torpedo 8 ta fara cinye wa Nagumo lokacinsa, Torpedo 6 da 3 suka ƙarasa. Jiragen Avenger shida na safe su ma suna da nasu rabon: hare-haren da suka fito daga tsibirin na cikin abin da ya sa Nagumo ya ba da umarni da 7:15 a sauya wa jiragensa na ajiya makamai don a sake bugun Midway, umarnin da ya soke bayan rabin awa, ya bar rumbunansa cike da bama-bamai da tofido a warwatse.

Hukunci: jita-jita ce a yadda ake faɗinta, amma akwai gudummawa ta gaske a ƙarƙashinta.

"Saura minti biyar jiragen Japan su tashi aka buge su"

Jita-jita. Tushenta littafin Mitsuo Fuchida, wanda ya jagoranci harin Pearl Harbor kuma yana kan Akagi a ranar Midway yana jinyar tiyata. Littafin ya fito da Turanci a 1955, ya ce doron jiragen cike yake da jirage, injuna na ruri, na farko har ya fara gudu, sai bama-bamai suka sauko. Marubutan Amurka suka yi shekara 50 suna maimaita wannan, don ya sa sadaukarwar masu tofido ta zama ta ceci komai a minti na ƙarshe.

Rajistar Akagi ta nuna ya karɓi jiragen Zero da 10:10, minti 15 kafin a buge shi. Jirgin dako na wancan zamani, mai doro ɗaya miƙaƙƙe, ba ya karɓar jirgi alhali bayansa cike yake da jiragen da ke jiran tashi. Jiragen harin suna ƙasa a rumbu, cike da mai da makamai, shi ya sa bam ɗaya tak da matuƙin jirgin sura Richard Best ya jefa ya isa ya hallaka Akagi. Hiryu, wanda ba a taɓa shi ba a wannan karo, bai iya tura harinsa ba sai wajen ƙarfe 11 saura. A Japan kanta tarihin yaƙi na hukuma ya ƙaryata Fuchida tun shekarun 1970, Yammacin duniya ne ya yi jinkirin ji.

"Tsohon jirginsu ne ya kashe su"

Rabin gaskiya. Jirgin da suka tuƙa, Devastator na kamfanin Douglas, ya shiga aiki a 1937, a lokacin kuwa ana alfahari da shi: jikinsa ƙarfe ne gaba ɗaya, fukafukinsa na naɗewa da kansu. Cikin shekara biyar zamani ya wuce shi. In ya ɗauki tofido, gudunsa kusan kilomita 200 ne a awa, tankin mansa ba ya toshe kansa in harsashi ya huda shi. Amma wata ɗaya kafin Midway, ranar 7 ga Mayu, irin waɗannan jiragen sun taimaka wajen nutsar da jirgin dakon Japan mai suna Shoho a Tekun Coral, ba tare da an yi musu irin wannan ɓarna ba. Bambancin shi ne a can sun shiga tare da masu sura da jiragen rakiya, kariyar Shoho kuma ba ta da yawa. Sabon Avenger, mai sauri da sulke, da ya shiga shi kaɗai a Midway, biyar cikin shida aka harbo. Duk jirgin da ya je wa Zero da rana tsaka ba rakiya, makomarsa ɗaya ce.

Babban laifi yana wuyan tofidon, samfurin Mark 13. Shi ke tilasta wa matuƙi ya sauko ƙasa ƙwarai ya rage gudu, in ba haka ba ya lalace da bugun ruwa. Gudunsa a ruwa kuma bai kai na Soryu ba in ya sa ƙarfi, don haka in jirgin dako ya juya masa baya ba zai taɓa cim masa ba. Jiragen Devastator 41 suka kai hari a ranar daga jiragen dako uku, aka harbo 35, ko tofido ɗaya bai fashe a jikin jirgin Japan ba. Wani bincike da rundunar ruwan Amurka ta yi a 1943 kan tofido 105 da aka saka da gudu ya nuna kashi 31 cikin ɗari ne kawai suka tafi yadda ya kamata. Kafin yaƙi, saboda tsimin kuɗi, ba a cika gwada su da nakiya ta gaske ba. Yawancin matuƙan Torpedo 8 ba su taɓa tashi daga doron jirgin ruwa da tofido a ƙarƙashinsu ba sai wannan safiya.

Batun rakiya ya fi ciwo. Kwamandan rundunar, Laftanar Kwamanda John Waldron, ya roƙi a ba shi ko 'yan jiragen Wildcat ne su tsare shi. Kyaftin ɗin Hornet, Marc Mitscher, ya ƙi, ya ce duka goman su tsaya sama tare da masu sura. A hanya kuma wasu Wildcat goma na Enterprise, ƙarƙashin James Gray, suka bi Torpedo 8 a bisa kuskure, suna zaton tasu Torpedo 6 ce. Sun yi da Torpedo 6 cewa sai an kira su za su sauko. Waldron bai san da wannan yarjejeniya ba, bai ma san suna samansa ba. Suka yi ta shawagi a bisa gajimare har mai ya yi ƙasa, suka koma gida ba su harba ko harsashi ɗaya ba.

"Ilhamar kakanninsa ce ta kai Waldron kan abokan gaba"

Waldron haifaffen Dakota ta Kudu ne, a 1900, kuma yana da jinin Lakota, ɗaya daga ƙabilun asali na Amurka. Shi kansa yakan danganta hangensa da wannan. Marubuta suka riƙe zancen, don ya fi daɗin faɗi a kan abin da ya wakana.

Jiragen Hornet 59 suka tashi ƙarƙashin Kwamanda Stanhope Ring: Wildcat 10, masu sura 34, masu tofido 15. Rahoton Mitscher ya nuna sun bi kudu maso yamma, inda aka hango Japanawa, sai dai abokan gaba sun sauya hanya aka yi saɓani. Binciken da aka yi daga baya, bisa shaidar matuƙan da suka rayu da kuma wuraren da aka tsinci waɗanda suka faɗa ruwa, ya sa yawancin masana a yau suka gamsu cewa Ring ya miƙe kusan yamma sak ne. Dalilin da ake kyautata zato shi ne jirgin leƙen asiri ya ba da rahoton jiragen dako biyu kacal, Mitscher kuma ya ɗauka sauran biyun suna can baya, ya tura jiragensa neman su.

Waldron ya yi lissafinsa tun a ɗakin shiri, ya san wannan hanya ba za ta kai su ba. Ya yi gardama kafin tashi, ya sake yi ta rediyo a sama, aka ce ya bi sahu. Da misalin 8:25 ya karya hagu da jiragensa 15, ya bar tawagar. A dokar soja wannan ƙin bin umarni ne a fagen fama, kuma da ya rayu da wataƙila kotun soja zai fuskanta. Bayan kusan awa ɗaya ya faɗa kan Nagumo daidai.

Sauran jirage 44 ba su ga komai ba. Duka Wildcat goman mansu ya ƙare suka faɗa teku, aka ceto matuƙa takwas, biyu suka ɓata. Masu sura wasu suka koma Hornet, wasu suka sauka Midway. Da waɗannan 34 sun bi Waldron, da sun iso tare da shi, da Zero sun rabu biyu, kuma da wataƙila Hiryu bai tsira ya je ya illata Yorktown ba. Ƙa'ida ita ce kowane kwamandan runduna ya rubuta rahotonsa bayan yaƙi, amma daga Hornet rahoto ɗaya tak ya fito, mai sa hannun Mitscher. Admiral Raymond Spruance, da yake miƙa shi gaba, ya rubuta cewa inda ya saɓa da na Enterprise a ɗauki na Enterprise.

Hukunci: jita-jita. Taswira da lissafi da taurin kai ne suka kai Waldron.

"George Gay ya kalli yaƙin duka daga cikin ruwa"

Akwai shakka. Gay ya ce ya saki tofidonsa, ya ratsa ta kan jirgin dakon, aka harbo shi, ya ɓuya ƙarƙashin matashin kujerarsa da ke yawo a ruwa, daga nan ya ga jiragen dako uku na ƙonewa. Admiral Chester Nimitz da kansa ya je asibiti ya ji daga bakinsa, kuma shi ne shaidar farko da Amurka ta samu.

Cewa an harbo shi a tsakiyar rundunar Japan gaskiya ne. Amma rundunar ba tsaye take ba. Tsakanin faɗuwarsa da zuwan masu sura ta yi minti 40 ko fiye tana tafiya da gudu, wanda kuma kansa kaɗai ke saman ruwa ba ya hangen nesa. Hayaƙi da hasken wuta zai iya gani, amma bayanin dalla-dalla da ya riƙa ƙaruwa da shekaru yana da wuyar tabbatarwa. Ya kuma ɗauka Kaga ya kai wa hari, alhali takardun Japan sun nuna Soryu ne. Wannan ba zargin ƙarya ba ne. Saurayi ne da ya ga an kashe abokansa 29 cikin minti 20, gwamnati kuma ta ɗora masa nauyin zama bakin rundunar. Da ya rasu a 1994 an ƙona gawarsa bisa wasiyyarsa, aka watsa tokar a yankin tekun da rundunarsa ta kai harin.

"An sa wa Avenger suna ne don ramuwar gayya"

Jita-jita. Wasu na cewa don Pearl Harbor, wasu don Torpedo 8. An riga an zaɓi sunan tun Oktoban 1941, wata biyu kafin Pearl Harbor. Abin da ya haifar da ruɗanin shi ne ranar 7 ga Disamba ce kamfanin Grumman ya shirya bikin nuna jirgin ga jama'a, ana cikin bikin labarin harin ya iso.

"Torpedo 8 ta ƙare a Midway"

Jita-jita, kuma ita ce ta fi zaluntar waɗanda suka rage. Ragowar sashen Avenger da ke Pearl Harbor, ƙarƙashin Laftanar Harold Larsen, ya gaji sunan, aka sa shi a jirgin dako Saratoga. Earnest da Ferrier suna ciki. A watan Agusta suka rufa wa sojojin da suka sauka a tsibirin Guadalcanal baya. Ranar 24 ga watan, a yaƙin gabashin tsibiran Solomon, jiragen rundunar ƙarƙashin Bruce Harwood suka shiga tare da masu sura na Saratoga, a lokaci ɗaya kuma daga ɓangarori biyu, aka nutsar da jirgin dako Ryujo. Irin harin haɗin gwiwar da Waldron bai samu ba ke nan, kuma ya yi aiki.

Mako ɗaya bayan haka jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya illata Saratoga, rundunar ta rasa masauki a teku. Daga tsakiyar Satumba ta koma aiki daga filin Henderson da ke Guadalcanal, cikin taɓo da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci. Daren 13 ga Oktoba manyan jiragen yaƙin Japan biyu, Kongo da Haruna, suka yi wa filin ruwan wuta, kusan duk jiragen Avenger suka lalace. Makanikai suka riƙa haɗa jirgi ɗaya daga gawarwakin wasu, sauran mutanen kuma aka ba su bindigogi suka shiga ramuka tare da sojojin da ke tsaron filin. A tsakiyar Nuwamba suna cikin waɗanda suka kai wa babban jirgin yaƙi Hiei hari. Bayan nan aka janye su, aka rushe rundunar. Ta sami lambar yabo ta shugaban ƙasa har sau biyu, ɗaya don Midway, ɗaya don Guadalcanal. A 1943 aka kafa wata sabuwa da sunan, ta yi aiki a kan jirgin dako Bunker Hill a 1944. Hornet kuwa an nutsar da shi a ƙarshen Oktoban 1942, yana da shekara ɗaya kacal a bakin aiki.

Abin da ya rage bayan tankaɗe

A daren da za a shiga yaƙin Waldron ya raba wa mutanensa takarda, ya ce ko da jirgi ɗaya ne ya rage, yana so mai shi ya kutsa ya sami abin da aka zo nema. Haka kuwa aka yi, ba wanda ya juya. An ba dukkan matuƙan 15 lambar Navy Cross, masu bindigar da ke zaune a bayansu aka ba su wadda ba ta kai ta ba, ko da yake wuta ɗaya ta ci su.

A 1942 Amurka na buƙatar jarumai, iyalai 45 kuma na buƙatar a ce musu 'ya'yansu ba su mutu a banza ba. Labarin janyo Zero ƙasa ya biya buƙatun biyu. Ya kuma biya ta uku da ba a faɗa: ba wanda aka tuhuma kan hanyar da jiragen Hornet suka bi, Mitscher da Ring duk sun ci gaba da samun girma, ofishin da ke kula da makamai kuma ya daɗe bai amsa laifin tofidonsa ba. An janye Devastator daga fagen fama nan take, amma Mark 13 bai gyaru sosai ba sai 1944, bayan an ƙara masa zoben ƙarfe a jela da rigar katako a goshi, har ya zama ana iya sakinsa daga sama da gudu. Da shi aka nutsar da manyan jiragen yaƙin Japan, Musashi a Oktoban wannan shekara da Yamato a Afrilun 1945, cikin hare-haren da masu tofido da masu sura da 'yan rakiya suka shiga tare. Gyaran bai buƙaci wata fasaha da babu ita a 1941 ba. Gwaji ya buƙata, da kuma shugabannin da za su saurari matuƙan da ke cewa makamin ba ya aiki.